Gashin ciwon daji na fata: abin da ke jiran maras lafiya daga Ƙwanni zuwa Yamai

Har zuwa shekarar 2021 babu na'urar gashin ciwon daji ko ɗaya a duk faɗin ƙasar Nijar. Wanda likita ya ce ciwonsa na bukatar radiyoterapi, in ma'aikacin gwamnati ne mai sa'a, sai ya jira takardarsa ta bi ofis-ofis har a amince a kai shi Faransa, ko Maroko, ko Tunisiya. In ɗan kasuwa ne na Birnin Ƙwanni ko Malbaza, sai ya canza sefa zuwa naira, ya ƙetare iyaka ya nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko ya zarce Zariya. Talaka kuwa gida yake komawa ya jira ikon Allah. A watan Maris na 2021 aka buɗe sashen gashi na Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa, wato CNLC, a Yamai, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, AIEA, kuma kafin ƙarshen wannan shekara aka soma karɓar marasa lafiya. Shekara 50 ke nan cif bayan da aka fara fitar da yuraniyom daga Arlit a 1971.

Samun na'ura kuwa rabin aiki ne. Maganin da take bayarwa yana da tasa wahala, kuma fata ce ke ɗaukar mafi yawanta. Mutum ya shiga jinya da ƙurji ɗaya, bayan mako uku ya duba madubi ya ga wurin ya yi baƙi, ya kumbura, yana saɓa, ga raɗaɗi. In ba a yi masa bayani tun farko ba, abin da zai faɗa a ransa shi ne likita ya ƙone shi, sai ya ɗaure kayansa ya nufi tasha. A daidai wannan lokaci ne jinya ta fi saurin lalacewa, alhali maganin yana tsakiyar aikinsa.

Su wa ciwon ke kamawa

Mutane da yawa sun ɗauka dajin fata ciwon Turawa ne. Gaskiya ne baƙar fata na da kariya daga zafin rana wadda farar fata ba ta da ita, amma rajistar ciwon daji ta Nijar, wadda aka buɗe a Yamai a 1992, ta nuna dajin fata yana cikin na sahun gaba ga mazan ƙasar nan. Ta wata ƙofa dabam yake shigowa. Mafi yawa daga tsohon gyambo yake tsirowa, irin wanda ya shekara goma ko ashirin a ƙwauri yana warkewa yana fashewa, ko kuma daga tabon ƙunar wuta da aka yi tun ana yaro. Wani likitan fiɗa na Faransa, Jean-Nicolas Marjolin, ya bayyana irin wannan gyambo a 1828, kuma da sunansa likitoci ke kiransa har yanzu. Akwai wani baƙin tabo mai tsirowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, melanom, wanda manomi kan ɗauka kaushi ne ko sartse; shi ne ya kashe mawaƙin nan Bob Marley a 1981, daga yatsan ƙafa ya soma. Sai kuma ciwon Kaposi, mai biyo bayan cutar sida.

Waɗanda abin ya fi tsananta a kansu su ne zabiyoyi. Fatarsu ba ta da launin da ke tare hasken rana, ga shi kuwa a gundumomin Ƙwanni, Malbaza da Illela abinci a rana ake nemansa: gonar albasa a Galmi, gandun noman rani na Ƙwanni, kasuwar dabbobi ta Badagishiri, tuƙin kabu-kabu. Zabiya kan fara samun ƙuraje masu kaushi a goshi, kunne, leɓe da wuya tun yana saurayi, kuma ba abin mamaki ba ne a ga daji sosai a fuskar wanda bai kai shekara 30 ba.

Hanyar da maras lafiya ke bi sananniya ce. Daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa asibitin gunduma, ko asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950 kuma mutanen yankin suka san shi da aikin fiɗa, ko babban asibitin Tawa. A yanki ɗan nama a aika a duba da madubin likita, don a tabbatar da irin ciwon. Fiɗa ita ce magani na farko ga kusan kowane dajin fata. Ana komawa ga gashi ne in ciwon ya yi girman da wuƙa ba za ta iya kwashe shi duka ba, ko ya zauna inda yanka zai ɓata fuska, kamar gefen ido da hanci, ko bayan fiɗa in an ga alamar saura, ko ya kai ga kaluluwar wuya ko ta matsematsi. Wani lokaci kuma ana yinsa ne kawai don tsayar da jini da rage ciwo da wari.

Darasin ragunan Paris

Kalmar «gashi» da bakin mutane ya saba da ita tana da ɗan ruɗi, domin tana sa a tuna da garwashi da tsire. Babu wuta a cikin na'urar. Maras lafiya yana kwanciya a kan gado mai tauri, ma'aikata su daidaita shi, su fita su rufe ƙofa, na'ura ta yi aikinta na mintoci kaɗan. Ba ya jin zafi, ba ya ganin komai. Hasken da ke fitowa, ko daga ƙarfen kobalt 60 ko daga na'ura mai aiki da lantarki, yana ratsa nama ya lalata abin da ƙwayoyin jiki ke amfani da shi wajen hayayyafa. Ƙwayar da ta ji rauni ba nan take take mutuwa ba, sai ranar da ta zo rabuwa biyu ta kasa. Ƙwayoyin daji, da yake kullum cikin rabuwa suke kuma ba su iya gyara kansu sosai ba, su suka fi shan kashi. Matsalar ita ce ƙwayoyin da ke ƙarƙashin fata su ma masu yawan rabuwa ne, tun da su ke sabunta fatar mutum kusan kowane mako huɗu.

Tun farkon wannan ilimi fata ce ta fara ba da labari. An gano hasken X a Jamus a 1895, kuma a 1899 wasu likitoci biyu a ƙasar Suwidin suka nuna marasa lafiya na farko da aka warkar da dajin fatarsu da shi. A 1901 Pierre Curie ya ɗora radiyom a damtsensa da gangan don ya ga abin da zai faru, ya sami miki da ya yi watanni bai rufe ba. Abin da ya gyara al'amarin ya fito ne daga raguna. A shekarun 1920, a birnin Paris, Claudius Regaud ya gwada dandaƙe raguna da haske maimakon ƙarfe. In ya ba da hasken duka a zama ɗaya, rago ba ya daina haihuwa sai fatar marainansa ta ƙone ƙurmus. Da ya raba hasken kaɗan-kaɗan cikin kwanaki da yawa, sai bukata ta biya, fata kuma ta tsira. Abokin aikinsa Henri Coutard ya ɗauki wannan dabara ya yi amfani da ita ga mutane masu dajin maƙogwaro, kuma a kanta duniya ke tafiya har yau.

Shi ya sa ba a gama gashi a rana ɗaya, ko da maras lafiya ya ce zai biya ninki. Ma'aunin hasken sunansa girai, ana rubuta shi Gy. Tsarin da aka fi sani shi ne Gy 2 kowace rana, daga Litinin zuwa Jumma'a, har a kai Gy 60 ko 66, wato zama 30 ko 33, mako shida zuwa bakwai. Ƙaramin ciwo, ko tsoho da ba zai jure dogon zama ba, ana iya taƙaita masa zuwa mako ɗaya zuwa huɗu. Hutun dare da na Asabar da Lahadi lokaci ne da lafiyayyen nama ke ɗinke kansa.

Akwai wani bambanci da ya kamata mai dajin fata ya sani kafin ya soma gwada kansa da maƙwabcinsa a benci na jira. Hasken kobalt yana kai ƙarfinsa ne a kamar rabin santimita ƙarƙashin fata, abin da ke sauƙaƙa wa mai ciwo a cikin ciki. Mai ciwo a bisa fata kuwa so ake hasken ya tsaya daidai a saman, don haka ake shimfiɗa masa wani faifai mai taushi kamar danƙo a kan wurin kafin a kunna na'ura. Da gangan ke nan ake kai wa fata cikakken haske. Saboda haka fatarsa za ta fi ta matar da ake yi wa gashin mahaifa jin jiki, kuma wannan ba kuskuren kowa ba ne.

Mako na uku

Kwana goma na farko shiru ne, har mutum ya soma tunanin ko na'urar ba ta aiki. Daga ƙarshen mako na biyu wurin ke fara ɗumi da ƙaiƙayi. Littattafan likita, da yake a Turai aka rubuta mafi yawansu, cewa suke fata za ta yi ja. Ga zabiya haka ne, jan yana fitowa sarai. Ga baƙin mutum kuwa wurin duhu yake ƙarawa, ya yi sheƙi, ya ɗan kumbura, kuma ma'aikacin jinya mai sauri yana iya dubawa ya ce ba komai. Ya zama wajibi maras lafiya ya buɗe baki ya faɗi abin da yake ji, tun da ido ba ya nuna shi duka.

A mako na uku zuwa na huɗu fata ke bushewa ta fara saɓa kamar ta maciji. Suma ko gemun da ke cikin filin hasken ya zube, amma iyakarsa nan, sauran kai ba ya taɓuwa. Gumi ya ragu a wurin. Can wajen Gy 30 zuwa 40, musamman a lungunan da fata ke gogar fata, bayan kunne, ƙarƙashin haɓa, hammata, matsematsi, saman fatar na iya saluɓewa ya bar jan nama mai tsattsafo da ruwa. Shi kansa ƙurjin dajin yakan yi ɓawo, ya zubo ruwa, ya fi da muni kafin ya soma lotsawa.

A da ana hana masu gashi wanka, har aka yi gwaji a Ingila a 1992, aka sake wani a Kanada a 2001, aka ga waɗanda ke wanke wurin ba su fi waɗanda ba sa wankewa wahala ba, wani lokaci ma sun fi samun sauƙi. Don haka a yi wanka kowace rana da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu maras ƙamshi, da tafin hannu, ba da soso ba. A ɗora tsumma mai laushi ya tsotse ruwan, kada a goge. Sabulun salo, duk da amfaninsa a wasu wurare, tokar da ke cikinsa tana da kaifi ga fatar da ta yi rauni. Zanen alƙalami da ma'aikata suka yi a jiki shi ne ma'aunin da suke daidaita na'ura da shi, in ya dushe su za su sabunta, kada maras lafiya ko matarsa su ce za su maimaita shi a gida. Alwala ba ta hana komai muddin fata ba ta fashe ba. In ta fashe an ɗaure, fiƙihun Malikiyya ya yi bayanin shafa a kan ɗauri da kuma taimama, wanda goshinsa ke ciwo kuma an sauƙaƙa masa a sujada. Tambaya ɗaya ga limamin unguwa ta isa.

Tufafi su zama na auduga, masu yalwa. Wuyan rigar shadda mai sitati, da aikin zare mai kaushi, da hula mai matse goshi, da ɗankwalin leda, duk a ajiye su sai an warke. Aska ba ta hawa wurin, ko ta wanzami ko reza. Filasta mai danƙo ba ta manne a kai, domin ranar cirewa da fata za ta taho.

Garin gyaran gira

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen shafe-shafe. Mai ciwo a fili ba ya rasa masu ba da shawara, kowane mai gaisuwa da nasa magani: man zafi, toka, baƙin man mota, garin kafso, sassaƙe, lalle, tururin ganye, ƙanƙara a leda. Dukansu an kawo su ne da kyakkyawar niyya, kuma dukansu suna iya mai da saɓar da za ta warke a mako uku ta zama miki na wata shida. Fatar da aka haska ba ta jure zafi, ba ta jure sanyi mai tsanani, ba ta jure duk abin da ke da yaji ko ƙamshi. Turare da humra su tsaya a kan tufafi, nesa da wurin. Mace mai shafa man ƙara haske ta daina, ta kuma gaya wa likita ta daɗe tana shafawa, domin irin wannan mai yana sirantar da fata.

Abin da ake so shi ne mai mai sauƙi, maras turare, a shafa siriri sau biyu ko uku a rana a inda fata ba ta fashe ba, kuma kada a laɓta shi dab da shiga na'ura. Man kaɗe tatacce da ba a gauraya da komai ba yana iya wannan aiki, amma a nuna wa likita tukuna. A ƙasashe masu amfani da Faransanci an saba rubuta Biafine, har wasu na ganin in babu shi babu jinya. A 2004 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Liyon a kan mata 254 masu gashin nono: kashi 63 cikin 100 na masu shafa irin wannan mai sun sami ƙuna mai ƙarfi, masu shafa man wani fure mai suna kalandula kuwa kashi 41. Wato wanda bai iya sayen mai tsada ba, bai yi asarar wani abin al'ajabi ba. Abin da gwaje-gwaje suka fi nuna amfaninsa shi ne man kortizon, irin su betametazon da mometazon, wanda ke rage ƙaiƙayi da tsananin saɓa. Shi kuwa da takardar likita ake amfani da shi, a daidai wurin da ya ce da kwanakin da ya ce, ba a kan buɗaɗɗen miki ba.

In fata ta saluɓe, aikin ya koma hannun ma'aikatan jinya: wankewa da ruwan gishiri na asibiti, da rufewa da bandeji mai maiƙo wanda ba ya mannewa. A lokacin zafi, Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'aunin zafi ke wuce 40, gumi da ƙuda su ne abokan gaba, kuma gidan sauro yana da amfani har da rana. Alamun da ba a kwana da su a gida su ne zazzaɓi da ya kai 38, ruwan miki da ya koma mugunya, wari sabo, kumburi mai yaɗuwa zuwa wajen filin hasken, da jinin da ya ƙi tsayawa. A ƙasar da kowane zafin jiki ake ce masa zazzaɓin sauro, mai gashi kada ya yanke wa kansa hukunci, ya je a gwada jini a kuma buɗe mikin a duba. Mai ciwon sukari ya ninka hattara. Game da raɗaɗi, farasetamol yana isa da farko, in ya gaza akwai na gaba da shi a hannun likita. Tramol na kan tire, wanda kowa ya san yadda yake yawo a bakin iyaka, ba wanda ya san adadin da ke cikin ƙwayarsa.

In ciwon a fuska yake

Mafi yawan zabiyoyi a kai da wuya ciwonsu yake, kuma nan ne gashi ya fi wuya, domin bayan fatar akwai baki, da maƙogwaro, da jijiyoyin miyau. In hasken ya ratsa leɓe ko kunci, daga mako na uku cikin baki ke yin miki, haɗiya ta zama aiki, miyau ya yi kauri ko ya ƙafe, abinci ya rasa ɗanɗano, nama da tuwo duk ɗaya. Mutum ya rage ci, ya rame. Ramar nan ba ƙaramin abu ba ce, saboda hular roba da aka ƙera daidai da fuskarsa don ta riƙe kai wuri ɗaya sai ta yi masa yawa, haske ya soma sauka inda ba a nufa ba.

Abincin gida yana da maganin wannan in an san zaɓe. Fura da nono mai ruwa-ruwa, kunun gyaɗa da ya huce, ƙwai, alala, kifi, da tuwo mai laushi a miyar yauƙi, kuka ko kuɓewa ko lalo, wadda ke zamewa ko babu miyau. A ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida. Barkono, yaji, kilishi, lemun tsami, shayi mai tururi da goro su dakata. Taba kuwa, ta sha ko ta leɓe, tana ƙara miki tana kuma rage ƙarfin maganin kansa. Don kurkure baki, a tafasa ruwa lita 1, a zuba ƙaramin cokali 1 na gishiri da 1 na bikarbonat na farmasi, a kurkure bayan kowane cin abinci. Kanwa ba ta maye gurbin bikarbonat. Buroshi mai laushi ya fi asuwaki mai tauri a waɗannan makonni.

Haƙora kuma a duba su tun kafin a soma. Ruɓaɓɓen haƙori gara a cire shi a bar wurin ya warke kafin zama na farko, domin ƙashin muƙamuƙin da ya sha haske jininsa yana raguwa har abada, kuma cire haƙori bayan shekara biyu ko biyar yana iya barin ramin da ba ya rufewa. Ciwo kusa da ido yana kawo hawaye da zubewar gira. Kwalli ya dakata. A hanci kuwa ɓawo da haɓo.

Gajiya tana kama kusan kowa, irin wadda barci ba ya kore ta, tana ƙaruwa har ƙarshen jinya. Ɗan tattaki da sanyin safiya ya fi kwanciya wuni guda taimako. In jinya ta faɗo cikin watan azumi, maras lafiya yana cikin waɗanda aka yi wa rangwame su rama daga baya, kuma jikin da ake haskawa yana bukatar ruwa. Mace kuma ta tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in tana da ciki, ko tana zato, ta faɗa kafin a soma, kuma kada a ɗauki ciki sai an gama.

Kwanan Yamai

Daga Ƙwanni zuwa Yamai kilomita 420 ne ko kusa da haka a kan babbar hanya, mutumin Tajaye ko Dogarawa kuma ya ƙara nasa. Ba tafiya ba ce ta zuwa da komowa kullum. In aka haɗa kwanakin hoto da aune-aune da jiran layi da makonnin gashin kansu, wata biyu ne mutum zai yi a gidan wani, shi da mai jinyarsa. Dokar 2007 da ta sa jinyar dajin mata ta zama kyauta ta shafi nono da mahaifa ne, ba ta ambaci fata ba. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin ayyukan asibitocinta, amma babu dokar da ke biyan kuɗin mota, da abinci, da bandeji, da rumfar da aka bari a rufe ranar Laraba, ranar kasuwar Ƙwanni. Sakkwato ta fi kusa, ba ta kai kilomita 100 ba, sai dai waɗanda ke jinya a can sun ga yadda iyaka ta rufe bayan juyin mulkin Yuli na 2023, ba ta buɗe ba sai Maris na 2024.

Dalilin kawo wannan lissafi shi ne katsewar jinya. Ƙwayoyin irin dajin da ke fitowa daga gyambo da fatar zabiya suna ƙara saurin hayayyafa bayan makonni na farko na gashi, kamar ciyawar da aka nome rabi aka bari ruwa ya sauka. Kowace rana da aka tsallake tana rage damar warkewa. Ɗan kasuwar da ya ce bari ya je ya sallami motar albasa ya komo bayan kwana goma, ko ma'aikacin da ya koma bakin aiki don hutunsa ya ƙare, ya biya wahalar fata duka amma bai karɓi cikakken amfanin ba. Don haka shirin kuɗi, da wanda zai riƙe rumfa, da takardar hutun jinya mai ɗaukar wata uku, duk a gama su kafin zama na farko. Dangin da ke son taimako, gudummawarsu ta fi amfani a mako na huɗu, lokacin da guzuri ya ƙare kuma masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa. In fata ta yi tsanani har ana bukatar hutu, likita ne ke yanke kwanakin, shi ne kuma ya san yadda zai rama su. Haka in na'ura ta tsaya, abin da ke faruwa a ko'ina cikin Afirka ta Yamma.

Wata wahalar kuma daga masu masauki take zuwa. Jin kalmar nukiliya ya sa wasu ke ware wa maras lafiya kwano da tabarma, su hana shi ɗaukar jariri. Hasken na'ura ba ya zama a jiki. Da an kashe ta ya tafi, kamar yadda ɗaki ke komawa duhu in an kashe fitila. Mai gashi yana iya cin abinci a kwano ɗaya da kowa, ya kwana da iyalinsa, ya yi sahu a masallaci. Ciwon daji kansa ba a ɗaukarsa daga wani.

Bayan an koma gida

Ranar zama na ƙarshe tsugune ba ta ƙare ba. Ƙwayoyin da aka raunana a makon ƙarshe sai daga baya suke mutuwa, don haka fata ta fi muni kwana 7 zuwa 14 bayan an gama, daidai lokacin da mutum ya iso Malbaza ko Illela, nesa da likitan da ya san zancen. Dangi su ga an komo da miki ya fi na tafiya, sai a soma maganar boka. Kafin a baro Yamai, a karɓi bandeji da mai na mako uku, da takarda zuwa ga ma'aikacin jinya na gida mai bayyana yadda za a riƙa wanke wurin. Mafi yawan fata tana rufewa cikin mako 4 zuwa 6. Ƙwauri ya fi ko'ina jinkiri saboda ƙarancin jini, abin da ya sa likitoci ba sa son haska shi in akwai wata hanya. Ƙurjin dajin kuma yakan ɗauki wata biyu ko uku yana lotsawa, kafin nan ba a cewa magani ya ci ko bai ci ba.

Fatar da ta warke ba ta komawa yadda take. Tana iya zama baƙa ƙirin ko ta yi dabbare-dabbare, ta yi siriri, ta bushe, ƙananan jijiyoyi su fito, naman ƙasa ya yi tauri bayan watanni. Suma wani lokaci tana komowa, in hasken ya yi yawa ba ta komowa. Wuya ko muƙamuƙin da ya soma ƙagewa yana bukatar motsa shi kowace rana, buɗe baki da juya kai, tun kafin ya sandare. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska na tsaga irin wannan fata, mai kuwa ya zama abokin tafiya. Mai dakon siminti a Malbaza da mai feshin magani a gonar albasa su rufe wurin sosai, domin ƙurar siminti tana cin fata ko lafiyayya ce. Ƙaho, tsaga da sakiya ba sa hawa wurin har abada.

Rana kuma ta zama abin kiyayewa na sauran rayuwa: malfa mai faɗin baki, rawani, riga mai dogon hannu, inuwa daga ƙarfe 10 zuwa 4 na yamma, da man kariya mai lamba 50 ga wanda ya samu, bayan miki ya rufe. Ga zabiya wannan ya fi gaggawa, domin gashi ya magance wuri ɗaya ne, sauran fatar tana nan a rana, kuma sabon ƙurji na iya fitowa a kunne na biyu. Wanda aka gani yana kamar ƙwayar wake, ana cire shi a Galmi ko Tawa cikin rabin awa, ba sai an je Yamai ba. Ana komawa ganin likita kowane wata uku zuwa shida a shekarun farko, saboda a cikin shekara biyu na farko ne ciwon ya fi komowa.

Kafin a bar cibiyar, maras lafiya ya nemi takardar da ke nuna wurin da aka haska, da adadin Gy, da ranar farawa da ta gamawa. Wurin da ya sha cikakken haske da wuya a sake haska shi, kuma duk likitan fiɗa ko na haƙori da zai taɓa shi, ko bayan shekara 15 ne, zai bukaci ya ga wannan takarda. A yi mata hoto biyu, a ajiye ɗaya a akwatin da ake ajiye takardun gida da na gona.